Ta Inda Aka Bi da Shi a Ɗaure

Abu uku aka ɗauke mini a rana ɗaya, ranar kasuwa, ina zaune ina kallo. Na farko sunan ɗana. Na biyu mazaunina a gindin darbejiyar tsakiyar kara, inda nake dillancin shanu tun gemuna yana baƙi. Na uku barcin uwarsa, wanda har yau bai koma mata daidai ba. Ni dillali ne, ban iya kwana da asara ban san wanda ya jawo mini ita ba. Na san shi, kuma na biya shi. Amma kafin in kai ga wannan sai na koma can baya, lokacin da ake kama mutum da igiya, don wanda bai ga wancan zamani ba zai ɗauka zafin zuciya ne kawai ya same ni da tsufa.

A wani ƙauye na ƙasar Sandamu na tashi. Baba dillalin jakuna ne, saboda haka mu ba zakara ke tashinmu ba, kukan jakuna ne, ɗaya ya fara daga turken gabas sauran su amsa masa, sannan luguden matan gida ya biyo baya da ƙarar guga a bakin rijiya. Aikina shi ne in kwashe kashin turke in tara wa gona, in jiƙa dusa da kanwa, in sauko da harawa daga kan rumfa, in ɗaga ƙafar kowane jaki in duba ko ƙaya ta shige. Ranar kasuwa ni ke kora su a gaba, Baba yana biye da sanda a wuya, ya rataya hannuwansa a kanta. A duk yankinmu ɗan doka guda gare mu, wato ɗan sandan hukumar gargajiya na wancan lokaci, da jar hula da ɗamara mai faɗi da kulki. Ba waliyyi ba ne. Yakan ɗauki kazar da ba a ba shi ba, hannunsa kuma yana da saurin mari. Sai dai ya san uwar kowa, ya san wanda ya ari gatarin wani bai mayar ba, kuma in ya ci zalinka da safe, da yamma a sahu ɗaya za ku tsaya a masallaci, ya ji nauyin idonka a kansa.

Wata kasuwa Baba ya sayi wani jaki mai jan gashi a hannun wani baƙo. Da kasuwa ta zagayo sai ga mai jakin daga wajen garin Babban Mutum, ɗan doka yana bayansa, ashe na sata ne. A tsakiyar mutane ɗan doka ya ɗaura wa Baba igiya a kugu, irin wadda muke ɗaure jakuna da ita, ya ja shi ta layin mahauta, ta wajen masu fura, ta gaban rumfar maɗinka, har ƙofar dagaci. Ina biye riƙe da takalmin Baba ɗaya da ya fita a hanya. Har yau in na ji warin kitse a kan wuta nakan tuna yadda mahauta suka daina sara suka zuba mana ido.

Ba a gama zama ba sai ga wani tsohon dillali mai ido ɗaya, ba wanda ya aika a kira shi. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, na san mutumin nan, na san uban da ya haife shi. A gabana aka yi cinikin, ni na ci la'ada. In igiyar tana da saura a ɗaura mini.” Ya faɗi garin baƙon da gidan da yake sauka, aka aika aka zo da shi. Da gaskiya ta fito, dagaci ya dubi ɗan doka ya ce, “Ta inda ka bi da shi a ɗaure, ta nan za ka bi da shi a sake.” Haka kuwa aka yi. Kasuwa mai zuwa Baba yana gaba da babbar rigarsa, mai shela yana gefe yana kaɗa ganga yana faɗin an wanke shi, ɗan doka yana baya da igiyar a naɗe a kafaɗarsa. Wani mahauci ya ce, “Sarkin igiya, yau kai ake kora ke nan?” Kasuwa ta ɗauki dariya, masu fura suka cika mini ƙwarya ba su karɓi ko anini ba. Baba bai yi dariya ba. Da muka isa gida ya ce da ni, “Kamun bai dame ni ba, kowa ana iya kama shi. Abin da na ji wa tsoro shi ne a sake ni a ɓoye.” Da wannan magana na girma, da ita kuma na gina sana'ata. Tun ina ɗan kamasho a jakuna har na koma shanu, har na yi gida a cikin Daura ba nisa da Kusugu, jarina ɗaya ne, in na ce na san mutum an gama magana.

Yanzu aikin tsaro ya zama wani abu daban. Akwai motoci, akwai na'urar da ke bin diddigin waya ta nuna inda take ko a cikin rumbu aka ɓoye ta, akwai 'yan sintiri masu kaki da ke taya 'yan sanda, akwai lambar da ake kira, akwai taron da ake yi da jama'a ana raba ruwan leda. Ba na musun amfanin waɗannan. Ɓarayin yanzu ba masu kwance jaki guda ba ne, masu bindiga ne da ke kore garke su ɗauke mutum, kuma na san gidan da aka dawo musu da ɗansu saboda wannan na'ura. Ni kaina nakan zuba wa motar sintiri mai. Amma jami'in yanzu bai san kowa ba. Kafin ya riƙe sunan mai unguwa an yi masa canji. Ya san lamba, ya san hoto, bai san ɗan wa ya kama ba, kuma ba zai taɓa tsayawa sahu ɗaya da ubansa ba.

Wanda abin ya faɗa wa ɗana na biyu ne, wanda na ja a jiki na koya masa sana'a. Ba zan faɗi sunansa ba, an faɗe shi ya isa. Maƙwabcin tabarmata a kara kuwa wani ne da muke kira Dogo. Kwano ɗaya muke sa hannu in an kawo abincin rana, kuma shi ya yanka ragon sunan yaron nan, shi ya sa yaron yake ce masa Baffa. Dogo ya sayar masa da wata waya ta hannu, mai kyau, a kan farashin da ya kamata in tambaya. Ban tambaya ba, don daga hannun Dogo ta fito.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗaga, ana tsakiyar ciniki, sai ga wasu mutane cikin farin kaya sun sauka daga wata mota mara lamba. Daga wani ofishi na nesa suke, ba zan faɗi wanne ba. Kai tsaye suka nufi yaron, ɗaya ya kira wata lamba, wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Suka ce da ita aka yi cinikin kuɗin fansar wani mutum da aka sace. Yaron bai ruɗe ba. Ya ce, “Yallaɓai, saya na yi. Ga Baffa nan, shi ya sayar mini.”

Babbansu ya juya ya ce, “Malam, ka san yaron nan?”

Dogo yana shafa tozon wani sa, bai ɗago kai ba. Ya ce, “Ganinsa nake a kasuwa kawai.”

Na ce, “Dogo, kai ka yanka ragon sunansa.”

Ya ce, “Alhaji, raguna nawa na yanka a garin nan?”

Suka sa masa ankwa, suka bi da shi ta tsakiyar kara, ta wajen masu igiya, ta gaban masu shayi, har bakin motar. Na duba ko'ina ko wani mai ido ɗaya zai taso. Ba wanda ya motsa, sai samari da suka ɗaga wayoyi.

Kamun na iya ɗauka, kamar yadda Baba ya ce. Abin da ya biyo baya ne ban taɓa ganin irinsa ba. Ba a kai shi gaban alƙali ba tukuna aka yi holinsu. Aka zaunar da shi a ƙasa cikin wasu mutanen da bai taɓa gani ba, aka jera bindigogi da adduna a gabansu, aka ɗauki bidiyo. Wani jami'i mai tabo a haɓa ya sa hannu ya ɗago fuskar yaron don ta fito sosai. Uwarsa tana gidan suna wata yarinya ta miƙa mata waya ta ce, “Inna, wannan ba Yaya ba ne?” Daga nan aka riƙo ta zuwa gida. Mutanen da ba su san ƙofar Daura ba suna rubutawa a ƙarƙashin hoton cewa a kashe shi, a kashe uban da ya haife shi. Gidan da muka kai gaisuwar neman aurensa suka aiko da kayan ta hannun wata tsohuwa, ta ajiye a zaure ta tafi ba ta sha ruwa ba. Da na koma kara na tarar Fulanin da suka shekara suna damƙa mini shanunsu sun kai su wani hannu. Tabarmata an matsar da ita bakin rana. A gindin darbejiya, daidai inda nake zama, Dogo ne.

Na'urar da ta kama shi ita ce ta sake shi, wannan kam zan faɗa. Wata jami'a mai bincike, yarinya ce da ba ta kai 'yata ba, ta zauna ta duba ta ga sai bayan an gama kiran fansar wayar ta shigo hannunsa. Allah ya saka mata. Aka kira Dogo, ya ce ƙanen matarsa ne ya ba shi, kuma ƙanen ya tsallaka iyaka, ranar Dogo ya kwana a gidansa. Ɗana kuwa bayan ya ga wata ya tsaya ya ɓace a tsare, aka buɗe masa ƙaramar ƙofar baya da rana tsaka. Ba ganga, ba mai ɗaukar hoto. Ni ne kawai a wajen, sai wani mai rake da bai san abin da ake ciki ba.

Na jira ranar taron 'yan sanda da jama'a, na sa babbar riga na je. Da aka ba da damar magana na miƙe na ba baturen 'yan sandan yankinmu labarin Baba da igiya, na ce ba diyya nake nema ba, a zaunar da yaron inda aka zaunar da shi, a kira masu hoton da aka kira, a ce ba shi da laifi. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Baba, ba ofishina ne ya yi ba. Kuma ko daga sama yanzu ana cewa a daina holin wanda kotu ba ta kama da laifi ba. Zan sa a ba ka takarda.”

Na ce, “Yallaɓai, takardar nan tana da murya?”

Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, aka wuce zuwa maganar masu babura. Na karɓi takardar, tana cikin akwati. Na ɗauki hayar mota mai lasifika ta zagaya kara da unguwanni tana faɗin an wanke shi. Ina ji da kunnena wani mai shayi ya ce, “To, ai uba ne, me zai ce?” A nan na gane abin da dagacinmu ya sani, wanki ba ya ci sai daga bakin wanda ya ɗaura igiyar. Hukuma ta fi ƙarfina. Dogo bai fi ƙarfina ba.

Ban zage shi ba, ban kai shi ƙara ba, in mun haɗu ina amsa sallamarsa. Saboda satar shanu, a kasuwannin yanzu ba a lodin dabba sai wani sanannen dillali ya tsaya ya ce ya san mai ita. Da gaskiyar ɗana ta fara zagayawa a bakin manyan kara, masu lodin Kudu suka dawo suna tambayata kamar da, don ni ne mafi daɗewa. Duk wanda ya zo ya ce, “Alhaji, Dogo ya kawo mini shanu, ya kake gani?” sai in ce, “Ganinsa nake a kasuwa kawai.” Ba na ƙari, ba na ragi. Mai saye ba ya son dogon bayani, ya ji wannan sai ya gyara hula ya wuce gaba. A hankali inuwar darbejiya ta yi wa Dogo yawa, shi kaɗai a ciki.

Sannan ranar da nake jira ta zo. Dogo ya haɗa duk abin da ya rage masa na yarda, ya karɓi shanun wasu Fulani zai fitar da su, 'yan sintiri da 'yan sanda suka tare motar a hanyar Babban Mutum suka ce wa ya san shanun. Ina cin tuwon rana wayata ta yi ƙara. Wani sajan ne. Ya ce, “Alhaji, muna tare da wani Dogo, ya ce ka san shi, ka san masu shanun.” Ina jin muryar Dogo a bayansa yana cewa, “Yaya, don Allah, Yaya.” Na san shanun, na san rugar da suka fito, na san halal ne. Na haɗiye lomar da ke bakina na ce, “Sajan, ganinsa nake a kasuwa kawai.” Na kashe wayar na ci gaba da cin tuwona, kuma ya yi mini daɗi. Aka tsare shi, aka tsare shanun har suka zube, kafin masu su su zo su karɓa. Samari sun ɗauke shi hoto a zaune a ƙasa gefen mota. Tun daga ranar ko akuya ba wanda ya sake damƙa masa.

Bayan an sake shi ya zo zaurena, ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma. Ya ce, “Yaya, tsoro ne. Na ga ankwa, na tuna 'ya'yana.”

Na ce, “Ni nawa a kan bishiya na tsinko shi?”

Ya ce in faɗi abin da zai yi. Na ce ranar kasuwa zai bi ta inda aka bi da yaron, daga darbejiya har inda motar ta tsaya, yaron yana gaba shi yana baya, yana faɗi da bakinsa cewa shi ya sayar da wayar kuma ya yi ƙarya. Ya amsa. Na kira ɗana, wanda tuni ya tattara ya koma Kudu wajen masu sauke shanu, ya tara gemu don kada a gane shi. Na ce ya zo a wanke shi. Ya ce, “Baba, a kara aka kama ni, amma ba a kara aka gan ni ba. Jiya ma wani mai nama a nan ya tsura mini ido ya ciro waya. Layi nawa Baffa zai bi?” Na ce ya zo ko don uwarsa. Ya ce zai zo da Sallah, in ya samu motar da za ta shigo gari ba ranar kasuwa ba.

Ban ɗaga wa Dogo ƙafa ba. Ya yi tafiyar shi kaɗai, ba kowa a gabansa, yana faɗi da bakinsa, ni ina baya da igiyar shanu a naɗe a kafaɗata. Wasu suka tsaya suka saurara, wasu suna ta cinikinsu. Samari sun ɗauka a waya sun saka, amma na sa an duba mini, bidiyon bai je ko'ina ba. Mutane sun fi son ganin wanda aka kama.

Ga yadda cinikin ya tashi. Darbejiya ta dawo hannuna, ina zaune a gindinta, Fulani sun dawo. Dogo ya faɗi, yanzu igiya yake sayarwa a bakin kara, kuma in ya gaishe ni ina amsawa, ban ji tausayinsa ba ko sau ɗaya. Uwar yaron tana shan maganin hawan jini, in waya ta yi ƙara a ɗaki sai ta dafe ƙirji. Sunan ɗana yana can a ƙasa, a gaban bindigogin da bai taɓa riƙewa ba, a aljihun mutanen da ba zan taɓa gani ba. Cikin uku ɗaya na karɓo, kuma shi ne mafi araha. Ko yaron kamasho ya san wannan faɗuwa ce. Ban rufe cinikin ba dai. Mai tabo a haɓa yana nan yana aiki, ana yi musu canji daga gari zuwa gari, wata rana zai bar kaki, zai so ya sayi sa ko ya aurar da 'ya, za a zo a tambayi wani dattijo ko ya san shi. Ina roƙon Allah ya ba ni kwana, ya sa ni za a tambaya.